Ranar da Gwaggo Ta Raba Mana Allo

Jikata ce ta tayar mini da wannan tsohon zance, ita kuwa ba ta ma san ta yi ba. Yarinya ce da ko famfara ba ta fara ba, amma kullum da sassafe sai a cusa ta cikin kakin lakwal, wato makarantar boko, a rataya mata jakar da ta kusa kai ta ƙasa, a ɗora ta bayan ɗan zemijan, mai acaba ke nan, babur ya tsallaka da ita gada zuwa Akpakpa. Ran nan ta dawo ta yar da jakar a tsakar gida, ta shige bayan randa ta zauna. Na bi ta da lallashi har ta buɗe baki, wai madam ɗinsu ta ce kowa a ajin ya iya rubuta sunansa sai ita. Uwarta ta taso da faɗa, tana cewa ai sa'o'inta duk sun iya, ita wasa ne ya yi mata yawa. Na ce da uwar ta bar mini yarinya ta sha ruwa tukuna. Ban ga laifin madam ɗin ba, yarinya ce ita ma, an cika mata ɗaki da 'ya'yan mutane an ce ta kai su wuri ɗaya a rana ɗaya. Amma kalmar nan ta sa'o'i ta tsaya mini a rai, don in dai zancen sa'a ne ba mai gaya mini. Tawa sa'ar ciki ɗaya muka kwanta da ita, rana ɗaya muka faɗo duniya.

Zangon Kwatano da na tashi a ciki ba wannan ba ne da kuke gani, inda mutum ba ya jin sallamar maƙwabcinsa saboda kukan babura. A lokacinmu yashi ne ko'ina, fari tas, in rana ta take sai ka riƙa gudu daga inuwa zuwa inuwa. Abin da ke tashin mu da asuba muryar ladan ce tsurarta, babu lasifika, daga nan sai taɓarya ta ɗauka gida-gida. Can a jima jirgin ƙasa ya yi kuka a tasha, in iska ta juyo daga teku kuma ka ji na ruwa ya amsa masa da muryarsa mai kauri. Babanmu fataucin shanu yake yi, rabin shekararsa a hanyar arewa take ƙarewa. In ya dawo, kafin mu ɗaga ido mu gan shi mun ji warin garke a rigarsa, mu kuwa a wurinmu babu turaren da ya kai wannan. Inna tuyar waina take yi a ƙofar gida. Aikinmu mu ja ruwa a rijiya, mu wanke tanda, mu kore kaji daga shinkafa, mu kuma saki baki muna sauraron mata masu talla suna wucewa, wannan da Fon, wannan da Yarabanci, waccan da Dandanci, har muka iya cinikin barkono da duk harsunan ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana. Da damina ruwa ya kwanta a lungu ya ƙi tafiya, kwaɗi su yi ta bikinsu, mu ma mu shiga mu yi namu, da yamma mu sha duka. Yau an dasa benaye a inda muke wannan wasa, rijiyar ma an rufe ta an ɗora shagon waya a kai.

Mu tagwaye ne, ni da Hassana. Ita ta fara fitowa, ni na biyo baya ina jan ƙafa, in ji ungozoma. Wanda bai zauna a Kwatano ba ba zai gane girman tagwaye a garin nan ba. Can arewa ma ana lallaɓa su, ana cewa in sun yi fushi sukan aiko wa mutum kunama, to a nan sai namu camfin ya haɗu da na mutanen ƙasa, waɗanda suka ɗauki tagwaye tamkar sarakai. Doka ɗaya ce kowa ya yarda da ita: abin da aka yi wa ɗaya a yi wa ɗaya. In an ba Hassana ƙosai a ba ni irinsa, kada ya fi, kada ya gaza. Zane iri ɗaya, kitso iri ɗaya, 'yan kunne iri ɗaya. In na yi ɓarna aka tsula mini bulala, sai a ɗan taɓa Hassana da ita ita ma, tana zaune ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, don kada in ce an fi son ta. Wai in aka bambanta su, wadda aka tauye sai ta yi zuciya ta koma inda ta fito. Baba yakan ce wannan zancen banza ne, malamai ma sun sha faɗa a wa'azi, amma Baba yana hanya, Inna ke gida. Inna kuwa ta binne yara kafin mu, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Matar da ta sha wannan ba a zo mata da hujja. Da na girma na haifi nawa, na daina yi mata dariya.

Makarantar allon da aka kai mu ta wata tsohuwa ce a bayan masallaci, wadda mijinta malami ya rasu ya bar mata littattafai da zaure da bishiyar mangwaro. Mu yara Gwaggon Allo muke ce mata, iyayenmu ma haka, har sunanta na yanka ya ɓace. Gajeriya ce, baƙa, goro ba ya rabuwa da kumatunta, tana da wata murya da ba ta ɗagawa amma sai ta ratsa hayaniyar yara ta same ka inda ka ɓuya. Tana da bulala, kada in yi mata ƙarya, dorina ce rataye a ƙusa, sai dai ƙura ta fi mu saninta. Abin da ya bambanta ta da sauran malaman unguwa shi ne ba ta tambayar shekarun yaro. In an kawo mata sabon ɗalibi, uban yana ta bayanin an haife shi shekarar da aka yi kaza, ita ko sauraro ba ta yi. Sai ta zaunar da yaron kusa da ƙafarta ta yi kwanaki tana aikensa. Miƙo mini kurtun tawada. Tsince mini tsakuwa daga waken nan. Zura mini zare a allura. Tana kallon yadda yake riƙe abu, da inda idonsa ke zuwa in ana magana, da ko zai iya zama wuri ɗaya har ta gama tauna ɓarin goro. Bayan nan ne take yanke inda za ta ajiye shi. Wani ta ba shi allo nan take ya je ya jingina da bango. Wani ta bar shi a gabanta da wani tsohon faranti cike da yashi, ya yi ta zane da yatsa yana sharewa. Akwai ƙaton yaron da ya daɗe a faranti har muka zaci a nan zai yi gemu, akwai kuma wata 'yar mitsitsiya da aka ba allon da ya kusa fin ta tsawo. In uba ya zo ƙorafi, amsarta ba ta canzawa: "Bai nuna ba tukuna, Malam. In ya nuna, ni zan fara gani."

Ranar da Inna ta kai mu, ta riga ta sayo alluna biyu wurin masassaƙi ɗaya. Ta durƙusa ta gaida Gwaggo, ta ajiye goro, sannan ta kawo sharaɗinta.

"Gwaggo, ga amanar Allah na kawo miki. Abu ɗaya nike roƙo, kada a raba su. Abin da anka rubuta ma wagga, a rubuta ma wagga. Ranar wanke allo a wanke biyu."

Gwaggo ta dube mu, ta dubi Inna, ta daɗe tana juya goro a baki.

"Uwar biyu, ciki ɗaya kika ɗauka, amma kai biyu kika haifa."

"Na sani, Gwaggo. Ki dai yi mini."

"To, mu gani," in ji ta.

Ina jin tausayin Inna ne ya kama ta, don duk unguwa an san abin da Inna ta binne. Haka aka tsallake da mu farantin yashi, aka rubuta mana alu, ambaki, wau, zal rana ɗaya, muka jingina da bango kafaɗa da kafaɗa.

Hassana kamar da karatun aka haife ta. Sau ɗaya za a biya mata ta ɗora yatsa a kan baƙi ta kira sunansa, gobe ta gan shi a allon wani ta gane shi. Ni kuwa baƙaƙen nan a idona tururuwa ce aka watsa a kan itace, duk iri ɗaya, kuma ba sa tsayawa wuri guda. Amma Allah ya ba ni kunne. Duk abin da ya fito daga bakin Hassana na ɗauke shi, har da inda take jan numfashi, sai in ɗora yatsa ina ja a kan allo ina rerawa, wanda ya gan ni ya ce ga malama. Da yamma Inna ta zaunar da mu mu biya mata, mu biya tare kamar bakin mutum ɗaya, ta yi ta murna tana ƙara mana waina. Ita ba ta yi karatu ba, ba yadda za a yi ta gane. Ni kaina ban san akwai abin da ya rage mini ba, na zaci karatun ke nan, kowa ma haka yake yi.

Gwaggo dai ta gane. Ta fara kirana ni kaɗai ta ɗora tsinke a kan wani baƙi daga tsakiyar allo ta ce mene ne wannan, ni kuma in yi tsuru-tsuru, in koma can sama in faro daga farko. Da ta ga haka sai ta rage mana sauri, tunda ta yi alkawarin wanke allo biyu tare. Hassana ta iya nata tun hantsi, amma ba ƙari, sai ta jira ni. Yaran da muka riga shiga suka zo suka wuce mu. Hassana, wadda da ko ruwa ba ta sha sai ta miƙo mini, ta fara mintsinina a hanya tana cewa ni na riƙe ta. Ni kuma na tsiri ciwon ciki kowace safiya, kuma ba ƙarya nake yi ba, da na hango mangwaron nan yake tasowa. Inna ta dura mini jiƙe-jiƙe masu ɗaci, ta dura wa Hassana ma, baiwar Allah, ita da lafiyarta ƙalau.

Wata safiya Gwaggo ta aiki Hassana gidan liman, ta kira ni cikin zaure inda ba yaro ko ɗaya. Ta miƙo mini allo ta ce in biya. Na karɓa, na ɗora yatsa, na rera tun daga farko har ƙarshe ban yi tuntuɓe ba, na ɗago kai ina jiran yabo. Sai ta ce in duba allon da kyau. Na duba, ban ga komai ba. Ashe ba nawa ba ne, na wani yaro ne, rubutunsa dabam, karatunsa dabam. Na fara kuka tun kafin a taɓa ni, ina satar kallon dorina. Gwaggo ta jawo ni jikinta, ina jin ƙamshin goro da tawada.

"Yi shiru, Usaina. Kunnenki ne ya riga idonki tashi, shi ke nan. Ba laifi ba ne, ba kuma wauta ba ce. Idon ma zai tashi, barci ne bai ishe shi ba."

Ta ɗauki allona ta rataye shi a bangon zaure, ta fito da ni ta zaunar a gaban farantin yashi cikin ƙananan yara masu majina. Da Hassana ta dawo, aka wanke mata nata aka rubuta mata ƙari. Kuna tsammanin kunya na ji? Ko kusa. Ji na yi kamar an sauke mini tulu daga ka. Na tsoma yatsa cikin yashin nan mai sanyi, Gwaggo ta kama hannuna muka ja tsaye ɗaya, ta ce wannan shi ne alu, yau shi kaɗai ne aikina. Na yi ta jan alu ina sharewa har aka tashi, cikina bai ce uffan ba.

Muka koma gida, Hassana a gaba da gudu tana ɗaga sabon rubutunta, ni a baya hannu rabbana da yashi a farce. Inna tana bakin tanda. Ta dubi hannun Hassana, ta dubi nawa.

"Ke, ina allonki?"

"Gwaggo ta rataye."

Inna ta bar waina a wuta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta figi mayafi ta tasa mu gaba. Ko gaisuwar kirki ba ta yi ba.

"Gwaggo, mi na yi miki? Na ba ki amana, kin raba mini ɗiya!"

"Ban raba su ba, uwar biyu. Na ajiye kowacce inda ƙafarta ta kai."

"A gida tare suke biyawa, ba mai kuskure!"

"Ɗaya karatu take yi, ɗaya waƙa. In na bar ta haka, za ta kai sauka ba ta san alu ba. Ranar da ta gane, ba za ta yafe mini ba, ke ma ba za ta yafe miki ba."

"To ko dai ki mayar mata da allonta, ko in kwashe abina duka biyu."

"Allo yana nan rataye, ba mai taɓa shi. Amma yau ba zan ba ta ba."

Inna ta ja mu muka fita. A zamanin nan in aka cire yarinya daga makaranta, to an cire ta ke nan, farantin talla ne a ka har ranar aurenta. Washegari muka fita da waina, faranti iri ɗaya, gammo iri ɗaya. Hassana tana gaba ina baya, muka zaga tasha da bakin masallaci muka dawo, ko waiwayowa ba ta yi ta dube ni ba. Da muka wuce ta bayan makaranta muka ji yara suna biyawa, na ga ta share ido da gefen zane.

Ba a daɗe ba Hassana ta kwanta da zazzaɓi. Damina ce, sauro ya yi yawa, kusan kowane gida akwai yaro a kwance, amma Zango ya riga ya san dalilin namu. Mata suka yi ta shigowa sannu, kowacce da fatawarta. Da wata ta ce ai Usaina aka tauye, me ya sa Hassana ce ta kwanta, sai aka ba ta amsa nan take cewa tagwaye haka suke, ɗaya ke ɗaukar wa ɗaya fushi. Akwai maƙwabciyarmu 'yar Fon mai sayar da kyafaffen kifi, mace mai son mu kamar ita ta haife mu. Ita ma ta haifi tagwaye ɗaya ya rasu, shi ya sa kullum tana soke da ɗan gunkin itace a zaninta, ta yi masa wanka, ta ɗinka masa riga irin ta mai ran, kamar yadda suke yi. Ta dafo mana wake da manja, abincin da suke lallashin tagwaye da shi, ta zauna tana ba Inna shawara da Hausarta mai gardama a roƙe mu mu huce. Inna ta rame cikin 'yan kwanaki, ta daina tuya, ta zauna da kan Hassana a cinya tana kallon bango. Baba yana hanya. Ni kuwa tsoro ne ya cika ni, don na yarda da maganar mata. Na ɗauka daɗin da na ji a gaban farantin yashi shi ne zai kashe mini 'yar'uwa.

Wata la'asar sai ga sallamar Gwaggo, da sandarta, da kwalbar rubutu a hannu. Ta san sarai abin da ake faɗa a kanta a unguwa, amma ta ratso kwatami ta zo. Ta yi wa Hassana addu'a ta shafa mata, ta ce a ba ta rubutun, a kuma kai ta asibiti da safe a karɓo kinin, maganin zazzaɓi, kada a tsaya jiran ɗaya ya yi aikin ɗaya. Sannan ta gyara zama ta fuskanci Inna.

"Uwar biyu, wace ce ta fara tafiya cikinsu?"

"Hassana," in ji Inna, ba ta ɗago ba.

"Da ta miƙe, kin ɗaure mata ƙafa ta jira 'yar'uwarta?"

Inna ta girgiza kai.

"Haƙori fa?"

"Usaina ta riga."

"To kin tsaga wa Hassana dasashi don su zo daidai?"

Mai kifi, da ke zaune a gefe, ta tuntsire da dariya, ta yi maza ta rufe baki. Inna kuwa kuka ne ya ƙwace mata.

"Gwaggo, tsoro nike ji. Na gaji da binnewa."

Gwaggo ta kama hannunta ta riƙe, ta bar ta ta yi kukanta har ta gaji. Sannan ta ce, "Na sani. Ni ma na binne. Amma ji nan, kowa a unguwar nan ya gaya miki abin da tagwaye ke so. Mai kitso ta faɗa, mai koko ta faɗa. Ga tagwayen nan a gabanki da bakinsu. An tambaye su?"

A lokacinmu ba a tambayar yaro abin da yake so, abin dariya ne ma a ji babba ya yi. Amma mai kifi ta dafa gunkinta ta ce, "Mama, gaskiya ne. Wurinmu ma, su ake tambaya." Nan fa Inna ta rasa mafita, tunda malama da mai gunki sun haɗu a magana ɗaya. Ta sunkuya kan Hassana ta tambaye ta a hankali ko fushi take yi.

"Ni ba fushi nake ba, Inna," in ji Hassana, murya can ƙasa. "Ƙari nake so. Na gaji da allo ɗaya."

Inna ta juyo gare ni. Ni ba mai magana ba ce a lokacin, ko da yake na rama daga baya. Na ji duk idanu a kaina.

"Ke fa, Usaina?"

"Ni yashi nake so. Allon yana sa ni ciwon ciki."

"Ba ki ji haushi ba, an ba 'yar'uwarki an hana ki?"

"Ba a hana ni ba, Inna. An ba ni faranti."

Inna ta daɗe tana kallona kamar ran nan ta fara ganina. Can ta share fuska ta ce to, ta yarda, amma tare za mu tafi, tare za mu dawo, kuma zane iri ɗaya. Gwaggo ta ce wannan hurumin uwa ne, ba ruwan malama. Aka kai Hassana asibiti, zazzaɓi ya sauka. Mata suka ce tagwaye sun huce, mai kifi ta ce wakenta ne, Baba da ya dawo ya ce kinin ne, Gwaggo ba ta yi musu da kowa ba.

Na daɗe a gaban farantin nan, ban san tsawonsa ba, na dai san mangwaro ya yi 'ya'ya mun sha ya sake fure ina nan. Gwaggo ba ta taɓa nuna ta ƙosa ba. Baƙi ɗaya take ba ni, ƙato kamar tafin hannu, in ja shi a yashi, in murza shi da laka, in rufe ido ta zana mini shi a gadon baya in faɗi sunansa. Ba ta bar kunnen nawa ya tafi a banza ba, ni ta ɗora in riƙa ja wa ƙanana gajerun surori da baki suna amsawa, har na fara tafiya da ƙasaita. Hassana da aka sake ta sai ta dawo Hassanar da na sani, ta daina mintsinina, a hanya ma takan tsaya ta zana mini baƙi a ƙasa da tsinke. Wata rana ina zaune kusa da ita ina kallon allonta haka kawai, sai na ga wau. Yana zaune wuri ɗaya da ɗan kansa da jelarsa, kamar ka hango fuskar ɗan gidanku a tsakiyar kasuwa. Na ga wani a ƙasansa, na ga alu a gefe. Na ƙwalla ihu har yara suka watse sun zaci kunama ce. Gwaggo ta nuna mini nan ta nuna mini can, duk na faɗa. Sai ta shiga zaure ta sauko da allona, ta hure ƙurar ta miƙo mini.

Shi ya sa ran nan da jikata ta shige bayan randa, na ɗauki tsohon faranti na fita neman yashi. Ku ji abin mamaki, a Kwatano, garin da aka gina a kan yashi, sai da na je wurin magina na roƙa suka ɗebo mini. Uwarta tana ta mitar za a ɓata mata tsakar gida, na yi kamar ban ji ba. Yarinyar dai tana ja tana sharewa, wani lokaci baƙi, wani lokaci kifi da mota, ni kuma ba inda za ni.

Hassana ta yi sauka tana 'yar yarinya, aka yi taro, na zauna kusa da ita cikin zane irin nata, wallahi farin cikin da na yi ya fi nata. Ni sai da na yi aure, da goyo a bayana, na kai ƙarshe. A lokacin idon Gwaggo ya tafi, tana zaune tana sauraro, Hassana ce ke riƙe da Alƙur'ani tana bi na baƙi-baƙi, ta ƙi ɗaga mini ƙafa ko a wasali ɗaya. Da na rufe, Gwaggo ta laluba ta dafa kaina. Inna tana bakin ƙofa tana kuka, wannan karon na daɗi. Ba na iya ƙirga abin da tsohuwar nan ta yi mini. Da ta bi son ran Inna, da na tashi da bakin karatu da makahon ido, da kuma 'yar'uwar da ke ganin ni na tare mata hanya. Ta yarda a zage ta a unguwa saboda yarinyar da ba ita ta haifa ba. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sa haƙurin da ta yi da ni ya zame mata haske. Allah ya jiƙan Inna, wadda tsoro ya cika ta amma ta sunkuya ta tambayi 'ya'yanta.

Hassana ta ƙare rayuwarta a unguwar Agla tana karantar da matan aure. Shekarun baya ta yi 'yar gajeriyar jinya, Allah ya karɓi abinsa. A wurin zaman makoki na ga tsofaffi suna satar kallona suna raɗa, wai abokiyar tagwaitaka ba ta daɗewa a bayan 'yar'uwarta. Wata ta matso ta ce in yi sadaka kada Hassana ta ja ni. Na yi mata godiya, na kuma yi sadakar, tunda ba asara ba ce, amma ban ji ko ɗar ba. Na yi kewarta, har yau ina yi, wani lokaci in ga atamfa mai kyau a kasuwa in ji bakina zai ce a yanko biyu. Sai dai tun muna yara aka koya mana cewa ita za ta iya yin gaba, ni in taho a hankali, kuma ba wadda ta bar wata.

Duk Juma'a bayan na idar da walaha nakan buɗe Alƙur'ani in karanta mata abin da ya sawwaƙa, da yatsa a kan kowane baƙi, sannu-sannu yadda na saba. Karatun da aka ce shi zai raba mu, yau shi nake aika mata.